Mashigi da Kwalbati: Inda Hanya Take Tare Hawan Kifi a Rafukan Ƙaraye da Rogo



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamaina, sarakunan ruwa da masunta, shugabannin direbobi da na 'yan babur, injiniyoyi da ma'aikatan ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, iyayena mata, ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

Duk inda masunta suka zauna a ƙasar nan ana zancen ƙarancin kifi, abu uku ake ambata. A ce raga mai ƙananan ido, a ce masu zuba guba a ruwa, a ce baƙin masunta sun yi yawa. Duk ukun gaskiya ne, ban zo wanke kowa ba. Na zo ne da na huɗu, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba saboda ba a bakin dam yake ba, kuma masu yin sa ba masunta ba ne. Ina nufin wurin da hanya ta gitta rafi: mashigin da babur da a-kori-kura da tarakta da tifa suke faɗawa su haye, da kwalbatin da aka binne a ƙarƙashin burji don ruwa ya wuce. Abin da nake so mu tashi da shi shi ne, yawancin kifin da ake kamawa a dam ba a tsakiyar dam ake haifarsa ba, kuma hanyar da yake bi zuwa inda zai haihu ta ratsa ta ƙarƙashin tayoyinmu.

Bari mu fara da ruwan kansa. Madatsar Challawa da ke nan ƙasar Ƙaraye, kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. Gwamnatin jihar Kano ce ta faro aikin ta hannun hukumar WRECA, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa, yanzu kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Tsayin bangonta mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8, idan ta cika tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Amma lambar da ta fi shafar zancenmu na yau ita ce faɗin ƙasar da take tara mata ruwa, wanda ya haura murabba'in kilomita 3,800. Wato duk ɗigon da ya faɗo a wannan faɗin, a gonar rake ne ko a bakin kasuwa ko a kan burji, ƙorama za ta ɗauke shi ta miƙa wa rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogi ya zube a dam. Daga nan ruwan ya gangara ya haɗu da kogin Kano, ya wuce Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Mu a nan muna kan ruwa. Abin da muka yi wa ƙorama a Zarewa ko Fulatan ko Turawa ba a nan yake tsayawa ba.

To yaya kifi yake amfani da waɗannan ƙananan rafuka? Iyayena masunta sun fi ni sani, amma zan faɗa saboda direbobi da injiniyoyi su ji.

Tarwaɗa tana kwana rani a ruwa mai zurfi, cikinta na cika da ƙwai a hankali. Ba ta zubarwa sai damina ta sauka sosai, sabon ruwa ya shigo, ruwa ya fara hawa kan ciyawa. A lokacin ne take tasowa, galibi da dare bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ta bi rafi sama, ta fita gefe zuwa fadamar da ruwa ya malale, inda zurfinsa wani lokaci bai kai gwiwa ba. Nan take watsa ƙwanta, su manne a jikin ciyawa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. Ba ta tsayawa gadi. Abin da zai raya 'ya'yan shi ne ciyawar da za su ɓuya a ciki, da ƙananan ƙwarin ruwa da ke yawaita a fadama, da kuma hanyar komawa babban ruwa kafin fadamar ta janye. Kawara da kurungu da ragon ruwa su ma da sabon ruwa suke motsawa. Karfasa tata dabarar daban ce: namiji yake share ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, a kan yashi ko laka mai tauri. Wata irin karfasar uwar ce take kwashe ƙwan ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe, wata kuma a gurbin ake barin su, uwa da uba su tsaya gadi.

Ku lura da abu biyu a nan. Wurin da kifi ya zaɓa don haihuwa shi ne ruwa marar zurfi mai ƙasa mai ɗan tauri, kuma daidai irin wurin ne direba mai hankali zai zaɓa ya haye. Sannan lokacin gajere ne ƙwarai. Ba duk damina ake hawan ba, 'yan darare ne a farkonta da tsakiyarta. Idan aka tare kifi a waɗannan dararen, ba ya jira da ƙwan har a buɗe hanya a watan gobe. Shekarar ta wuce.

Yanzu mu zo mashigi. Abin da ido yake gani, taya ta taka gurbin karfasa ko ta murƙushe 'ya'yan kifi, shi ne mafi ƙanƙantar ɓarnar. Babbar ɓarnar laka ce. Duk motar da ta shiga rafi tana tayar da ƙasan da ya kwanta, ruwan ya yi jawur, ya gangara da ita. Inda gudun ruwa ya ragu sai lakar ta zauna, kuma inda gudun ruwa yake raguwa nan ne bakin ciyawa, nan ne ƙwai suke. Ƙwan kifi yana numfashi ta jikin ɓawonsa. Idan laka ta lulluɓe shi, ko da siririya ce, ya mutu. Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe kuwa, jan naman nan na ƙarƙashin kunnensa da yake shaƙar iska da shi, laka tana toshe shi ta kuma goge shi. Wani zai ce ai rafinmu da damina dama ja yake zuwa. Haka ne, kuma kifinmu ya saba da hakan. Amma jan ruwan ambaliya yana zuwa ya wuce, bayan kwana ɗaya ko biyu ruwa ya kwanta ya washe, a wannan tazarar ƙwai suke samun sarari. Mashigin da ake bi daga asuba zuwa magariba, musamman ranar kasuwa, ba ya barin ruwan da ke ƙasa da shi ya kwanta.

Kuma ba lakar cikin rafin kaɗai ba ce. Ku dubi gangaren da ake saukowa ta kansa. Tayoyi sun yi layi biyu masu zurfi tun daga tudu har bakin ruwa. Idan aka yi ruwan sama, waɗannan layukan su ne magudana, su kwaso jar ƙasa daga nesa su zuba ta kai tsaye a rafi, babu ciyawar da za ta tace ta. A shekara ta biyu layin ya zama kwari. A ta uku direbobi sun kauce masa sun buɗe sabon wuri a gefe, su ma 'yan babur sun buɗe nasu. Da haka mashigin da ya fara da faɗin mota ɗaya yake zama fili, gaɓa ta zube, itatuwan bakin rafi su faɗi, ruwan ya bazu ya zama marar zurfi. Ruwan da ya bazu a rana yana zafi da wuri, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Ƙasar nan da ta bar gangaren, ƙarshenta cikin dam, tana cike wurin da aka gina don ruwa. Cikewar madatsar Challawa da laka tsohon kuka ne, har wuraren da ake janyo ruwan sha na birnin Kano daga kogin suna fama da yashi da laka.

Sai wanki. Wannan kowa ya san shi, kuma kusan kowa a cikinmu ya taɓa yi ko ya tsaya yana kallo ana yi. A shigar da babur ko mota tsakiyar rafi, a kawo omo, a wanke inji da ƙarƙashi. Baƙin mai da gas da giris su tashi su shimfiɗu a saman ruwa. Babban kifi zai gudu. Ƙwai ba ya gudu, ɗan kifi mai kwana uku ba ya nisa. Tarwaɗa kuma tana tasowa sama ta haɗiyi iska, to ta cikin man nan za ta sa baki. A mashigin nan dai manomi yake zuwa ya ɗauraye tankin feshinsa bayan ya gama fesa maganin ciyawa ko na ƙwari, domin nan ne ruwa ya fi sauƙin kaiwa. Wasu magungunan ƙwarin da muke fesa wa wake da tumatir, kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe kifi. Addininmu ya hana ɓata mashayar jama'a, malamai suna nan za su yi bayani fiye da ni.

Akwai wani binciken da ya kamata direbobi su ji. A jihar Washinton ta Amurka an daɗe ana ganin wani kifi mai suna koho, dangin salmon, yana mutuwa a rafukan da ke kusa da manyan tituna duk lokacin da aka yi ruwan sama, tun kafin ya zubar da ƙwai. Shekaru ana neman dalili. A ƙarshen 2020 masana na Jami'ar Washinton suka gano cewa daga taya ne. Akwai sinadarin da ake sa wa roba don kada ta tsattsage, sunansa 6PPD. Idan taya ta goge a titi, garinta ya haɗu da iska, sai sinadarin ya rikiɗe ya zama guba ga wannan kifin, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa rafi. Ba kowane irin kifi yake kashewa haka ba, wasu suna jure masa. Na kawo shi ne don mu gane cewa abin da mota take bari a ruwa ya wuce abin da muke gani yana ƙyalli a sama.

Zan ɗan tsaya a kan tifa, domin ita ba hayewa kawai take yi ba, shiga take yi ta zauna. Ɗibar yashi sana'a ce, matasa da yawa da ita suke ci, gine-ginen Kano kuma ba sa ƙoshi. Sai dai yashin rafi ba banza yake kwance ba. Shi yake riƙe ruwa a cikinsa bayan damina ta ɗauke, shi ya sa ake tona shi da rani a samu ruwa, shi yake ciyar da 'yan kududdufan da kifi yake fakewa a ciki har damina ta dawo. Idan aka kwashe shi ƙasan rafi ya yi ƙasa, ruwa kuma ba ya barin rami a haka: zai riƙa cin ƙasa yana komawa baya, sama da inda aka ɗiba, har ya iso gindin gada ko kwalbati ya rarake shi. Rafin da ya nutse cikin kwari kuma ba ya iya fita ya malale fadama, sai a shekarar babbar ambaliya. Fadamar da ruwa bai hau ba, tarwaɗa ba ta da abin yi a cikinta. Har gaiwa, wadda take shiga taɓo ta naɗe kanta ta kwana rani tana jiran ruwa, ba ta yin nisa ƙasa sosai, kuma fadamar da ta bushe ita muke mayarwa gajeriyar hanyar tarakta da tifa.

Nan zan zo kan abin da ya fi damuna, wato kwalbati. Ya fi damuna ne domin shi da sunan gyara yake zuwa. Gari ya yi shekaru yana kuka, a ƙarshe an kawo aiki, an yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Ni ba na cikin masu cewa a bar mutane da mashigi saboda kifi. Mai naƙuda da aka ɗauko a babur da tsakar dare aka tarar rafi ya kawo, manomin da tumatirinsa ya ruɓe a buhu da kwando yana jiran ruwa ya janye, ɗalibin da ya rasa jarrabawa, duk sun fi kifi. Mun kuma ga abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife da mutane, yawancinsu yara 'yan makaranta, saboda ruwa ne hanyarsu. Hanya wajibi ce. Maganata a kan yadda ake yin ta ce.

Yadda aka saba, ana duba rafi da rani, lokacin da babu ruwa ko kuma ɗan siriri ne, a kawo zoben kankare ɗaya ko biyu a jera, a zuba ƙasa a kai. Rafin da faɗinsa ya kai mita biyar ko shida idan ya cika, an matse shi cikin bututun da bai wuce mita ɗaya ba. Wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa ya san abin da zai biyo baya: ruwan da yake tafiya a hankali sai ya fita da ƙarfi. Cikin bututun sumul yake, babu dutse, babu ciyawa, babu lungun da kifi zai raɓe ya huta. Kifi yana iya yunƙuri mai ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan, amma ba zai iya riƙe wannan ƙarfin tsawon bututun da ya ratsa faɗin titi ba, balle mace mai ciki cike da ƙwai, balle ƙananan kifaye. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ruwan da yake fitowa da ƙarfi yana haƙa rami a bakin fita. Damina biyu ko uku, ƙasan rafi ya zame ƙasa, bakin bututun ya rage a sama yana rataye, ruwa na zubowa daga gare shi. Tsayin da bai wuce kamu ɗaya ba ya isa ya tare yawancin kifayenmu, domin ba masu tsalle ba ne. Tarwaɗa takan ja ciki ta bi jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare, wani lokaci ta zagaye. Kurungu ba zai iya ba, kawara ba za ta iya ba. Idan kuma ruwa ya ja baya, abin da ke bi ta cikin bututun bai kai ya rufe bayan kifi ba.

Sai kifin ya taru a ramin nan na bakin kwalbati, yana ta yunƙuri. Kowane yaro a ƙauye ya san wurin. A zo da koma, a zo da birgi, wani ma da kwando, a kwashe. Ranar ana murna an samu kifi da yawa, kuma idan aka fede za a ga cikinsa cike da ƙwai. Ban ga laifin yaron ba. Mu muka gina masa tarkon da kuɗin gwamnati. Duk rafi da fadamar da ke sama da wannan kwalbatin, ko kilomita nawa ne, an cire su daga wurin haihuwar kifi, ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne don kwalbati ƙarami ne. A Turai an yi ƙidaya a ƙasashe 36, aka fitar da sakamakon a 2020: shingayen da ke tare koguna sun kai aƙalla miliyan 1.2, kuma mafi yawansu ba manyan madatsu ba ne, ƙanana ne da ba su kai mita biyu ba, har da kwalbatoci da mashigai na kankare. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A jihar Washinton da na ambata, ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda ke da tsohuwar yarjejeniyar haƙƙin kamun kifi tun shekarun 1850, sun kai gwamnatin jihar kotu a kan kwalbatoci kaɗai. A 2013 alƙali ya umarci jihar ta gyara ɗaruruwan kwalbatocin da ke tare kifi, a 2018 shari'ar ta kai Kotun Ƙoli hukuncin ya tsaya. Aikin yana cin biliyoyin daloli, domin sai an fasa titin da aka riga aka gama an sake. Mu yawancin hanyoyin karkararmu yanzu ake yin su. Abin da su suke biya da tsada su warware, mu muna iya kauce masa tun a takardar zane.

Wani zai tambaya, wane kifi ne namu yake cikin haɗari? A watan Disamba na 2023 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta bayyana cewa cikin nau'in kifin ruwan daɗi kusan 15,000 da ta auna, kashi ɗaya cikin huɗu yana cikin haɗari. Wani rahoton na 2024 ya nuna kifayen ruwan daɗi masu ƙaura sun ragu da kusan kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020 a wuraren da aka bibiya. Tarwaɗa da karfasa ba sa cikin masu shirin ƙarewa a duniya, suna da yawa a Afirka. Amma masunci ba a duniya yake su ba, a ruwan garinsu yake yi. Kifi yana iya ɓacewa daga rafi ɗaya ƙaf alhali yana nan a Kainji ko Chadi, kuma tun da aka datse kogi babu hanyar da wani zai taso daga ƙasa ya maye gurbinsa. Abin da ke sama da bangon dam shi ke nan jarinmu. Ina roƙon dattawan masunta su zauna da matasa su lissafa musu irin kifin da suke kamawa suna samari, yauni ne, bargi ne, tsage ne, minjirya ce, giwan ruwa ce, su faɗi wanne ne har yanzu ake gani, wanne ne sai labari. A rubuta. Tarwaɗar kiwo da ta cika kasuwa tana rufe mana ido, muna ganin kifi a tire muna zaton ruwa lafiya yake.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992, wadda ta hana guba da abin fashewa, ta kuma yi magana a kan shingen da ake ginawa a ruwa, cewa a bar wa kifi hanyar wucewa. A shekarar dai aka yi dokar auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Matsalar ita ce ba wanda yake kallon zoben kankare biyu a matsayin shinge.

Injiniyoyi, ranku ya daɗe, ga roƙona gare ku. A auna rafi da alamar da ruwa ya bari a gaɓa lokacin cikarsa, a tambayi mutanen wurin inda yake kaiwa a watan Agusta. A yi kwalbati mai kusurwa huɗu wanda faɗinsa ya kai faɗin rafin ko ya ɗan fi. A nutsar da gindinsa ƙasa da ƙasan rafin, yadda yashi da tsakuwa za su shiga su kwanta a ciki, kifin da ya shigo ya ji ƙasan da ya saba da shi. A bi gangaren rafin yadda yake, kada a ɗaga bakin fita. Na san za a ce kuɗi. Ya fi tsada ranar gini, gaskiya ne. Amma ku kuka fi kowa sanin yawan ƙananan kwalbatocin da ruwa yake toshewa da kara da reshe, ya bi ta kansu, ya yanke hanya, a sake ba da kwangila. A jihar Bamont ta Amurka, da guguwar Airin ta kawo ambaliya a 2011, kwalbatocin da aka yi da faɗin rafi saboda kifi sun tsaya, da yawa daga cikin matsattsun kuwa ruwa ya tafi da su. Abin da ya ba kifi hanya shi ya ba ambaliya hanya. Jihar Kano tana cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya yake tallafawa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da magudanan ruwa. Irin waɗannan shirye-shiryen suna da sharuɗɗan muhalli a rubuce, kuma suna zama da jama'a kafin aiki. Idan aka zo zaman, a gayyaci sarkin ruwa, a ba shi dama ya yi magana.

Waɗanda aka riga aka gina kuma ba sai an fasa su duka ba. Inda baki ya rataye, ana iya jera manyan duwatsu daga ƙasan ramin a yi gangare mai sauƙi har zuwa bakin, a cike tsakaninsu da ƙanana, ruwa ya riƙa sauka a hankali yana karkacewa tsakanin duwatsu. Wannan aikin gayya ne, gari ɗaya da tifa biyu na dutse za su iya. A fara da kwalbatin da ya fi kusa da dam ko babban kogi, domin shi ne ƙofar farko. Gyara na sama ba shi da amfani idan na ƙasa a rufe yake.

Inda babu kwalbati kuwa, sai mashigi, a tsayar da wuri ɗaya. A shimfiɗa masa dutse daidai da ƙasan rafi, kada ya yi tudu. A zuba marmara a gangaren shiga da na fita, a yanka 'yan magudanai a gefe don ruwan hanya ya fita cikin ciyawa kafin ya iso rafi. Sauran wuraren da aka buɗe a toshe su da ƙaya, a dasa jema ko gamba, gaɓa ta warke. Shugabannin direbobi da na 'yan babur, wannan a hannunku yake, domin maganarku a tasha ta fi allon gwamnati tasiri. Haka wanki: a ɗebo ruwa a bokiti a fita da abin hawa nesa da gaɓa, inda ƙasa za ta shanye. Baƙin mai kuwa a tara shi a galan, akwai masu saye.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, saura naku. Hana kamun kifi a wani wuri na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, yankin Matan Fada a rufe yake sai lokacin biki, kuma sarauta ce take tsare shi. Ba biki nake nema ba. Ina neman dagaci da sarkin ruwa su yi shela cewa daga saukar damina har ruwa ya daidaita, ba a kama kifi a bakin kwalbati da gindin gada, kuma tifa ba ta shiga rafi a waɗannan watannin. Masu ɗibar yashi a ware musu wuri nesa da gada, su tara abin da za su sayar tun da rani. Masuncin da aka hana shi bakin kwalbati yana da sauran ruwa, kuma kifin da aka bari ya wuce a watan Yuli, 'ya'yansa ne za su faɗa ragarsa a dam baɗi.

Ɗalibai kuma ga aikin da za ku iya farawa a wannan makon, da waya da igiyar awo. Kowace makarantar sakandare ta ɗauki hanyoyin da ke kewaye da ita, a bi su, duk inda hanya ta gitta ruwa a ɗauki hoto ta sama da ta ƙasa, a auna faɗin rafi da faɗin bututu, a auna tsayin da baki ya rataye, a rubuta sunan da mutanen wurin suke kiran rafin. A kai kwafi ɗaya sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ɗaya fadar hakimi, ɗaya kuma a ba sarkin ruwa.